Yadda ake tuƙa jirgin haya a hanyoyin ruwan Ingila da ratsa lok a lokacin zafi

Mutanen Kaduna da ke zuwa Ingila a dogon hutu, ko don bikin kammala karatun ɗa ko don ziyarar 'yan uwa a Birmingham da Coventry da Leicester, sukan ga wasu siraran jirage masu fenti suna tafiya a hankali cikin ruwan da ya ratsa gari. Hayarsu ake bayarwa, kuma ba a neman lasin tuƙi a wajen wanda zai karɓa. Kamfani zai yi maka bayani kafin ka tashi, ya miƙa maka makulli, sauran aiki naka ne. Lokacin zafinsu kuwa, Yuni zuwa Agusta, shi ne daidai lokacin da muke tsakiyar damina a nan.

Waɗannan hanyoyi, da ake kira kanal, haƙa su aka yi da hannu, akasarinsu shekara 200 da wani abu da suka wuce, don jigilar kwal da kayan masana'antu, dawaki na jan jiragen daga gefe. Hukumar Canal & River Trust ce ke kula da kimanin mil 2,000 nasu a Ingila da Wales tun 2012. Ruwan kwance yake, ba ya gudu irin na kogin Kaduna a watan Agusta, don haka wanda ya saba ganin 'yan fito suna kokawa da igiyar ruwa ya ajiye wannan tunanin. Inda ƙasa ta yi tudu, sai a gina lok: ɗaki ne na bulo ko dutse, da ƙofa a sama da ƙofa a ƙasa, jirgi ya shiga, a cika shi da ruwa ya hau, ko a zubar ya sauka. Mu ma muna da irinsa a madatsar Kainji da aka kammala a 1968, sai dai na Ingila ƙanana ne, kuma matafiyi ne ke sarrafa su da hannunsa.

Lissafin tafiya tun daga gida

Jirgin faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 ne, wato mita 2 da 'yan kai, tsawonsa kuma yakan kai ƙafa 70. Iyali mai mutum huɗu zuwa shida, jirgi mai ƙafa 55 zuwa 62 ya ishe su. Iyakar gudun da doka ta yarda shi ne mil 4 a awa, amma a zahiri mil 3 za ka riƙa yi, ko ƙasa da haka. Kowane lok yana cin minti 15 zuwa 20 idan babu layi. Masu harkar suna haɗa yawan mil da yawan lok, su raba da uku, abin da ya fito shi ne awoyin tafiya. Ɗauki zagayen Warwickshire da kamfanoni ke yawan tallatawa: mil 100 ne ko fiye, lok sama da 90. Lissafi ya ba da awa 60 da ɗoriya. A hayar mako guda, inda kwana shida ne cikakku, wannan ya zama awa goma ko fiye kowace rana. Ba hutu ba ne wannan, kuma ba mu ba sabon shiga shawararsa.

Ga wanda ke tare da dattawa ko ƙananan yara, kanal ɗin Ashby, wanda ya balle daga na Coventry kusa da Bedworth, mil 22 ne babu lok ko ɗaya. Wanda ke son ya ɗanɗana aikin lok ya nufi Hillmorton kusa da Rugby, inda hawa uku ne kawai, ko Atherstone mai 11. Jerin Hatton kusa da Warwick mai 21, da Caen Hill a Devizes mai 29, da Tardebigge mai 30, a bar su sai tafiya ta biyu. Kanal ɗin Llangollen, mai gadar ruwa ta Pontcysyllte da aka buɗe a 1805, tsayinta mita 38 daga kogin da ke ƙasa, ya cancanci gani, amma a hutun makarantu, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, cunkosonsa yakan gundiri mutum. Kuɗin haya ma a wannan tsakanin ya fi tsada.

Aƙalla a samu manya biyu masu ƙarfi: ɗaya a kan akala, ɗaya a ƙasa yana aikin ƙofofi. Uku sun fi.

Tuƙi

Daga baya ake tuƙa jirgin, a tsaye, da doguwar sandar akala. Ka tura ta hagu, goshin jirgi ya yi dama. Ka tura dama, ya yi hagu. Jirgin a tsakiyarsa yake juyawa, saboda haka duk lokacin da goshi ya karkata gefe guda, gindi na fita ɗaya gefen, kuma nan ne sababbi ke gogar gada. Akala ba ta aiki sai farfela na tura ruwa, don haka idan ka cire giya ka rasa tuƙi. Babu birki. Ribas ne birkinka, kuma jirgi mai nauyin tan 15 ba ya tsayawa nan take. A ribas ɗin kansa jirgi ba ya bin akala sosai.

Hannun dama ake bi idan an haɗu da wani jirgi, kamar titinmu, ba kamar titin Ingila ba. In ba kowa, ka riƙe tsakiya, can ne zurfi. Idan za ka wuce jiragen da ke ɗaure, ka mayar da totur ƙasa tun kafin ka kai gare su, domin ruwan da jirginka ke ja yana fizgar igiyoyinsu ya tumɓuke turaku. Mutane na zaune a cikin da yawa daga jiragen nan, gidajensu ne, kuma za su leƙo su gaya maka. Idan ka waiwaya ka ga igiyar ruwa na fashewa a gaɓa, gudunka ya yi yawa. A kwanar da ba ka ganin gaba, da bakin gada mai lanƙwasa, ka danna oda mai tsawo sau ɗaya. Kada kowa ya sa hannu ko ƙafa don tare jirgi daga bugun bango. Ƙarfe ne, an yi shi don ya sha bugu.

Sassan lok

Kafin jirgi ya shiga na farko, kowa ya sauka ya ga abubuwan nan da idonsa. Kowace ƙofa tana da dogon gungume da ake jingina baya a tura. Ruwa na shiga da fita ta kafofi masu marfi, wasu a jikin ƙofa, wasu a ƙarƙashin ƙasa gefen ƙofar sama. Ana ɗaga marfin da wani ƙarfe mai siffar harafin L da kamfani zai ba ka, a zura shi a kan sandar da ke juya haƙoran ƙarfe. Akwai 'yar sakata da ke faɗawa cikin haƙoran tana ƙas-ƙas-ƙas yayin da kake murɗawa, ita ke hana marfin komawa. A gefen bango akwai turakun ɗaure igiya. Sai abu mafi muhimmanci, wanda ba a ganinsa idan lok ya cika: dakalin dutse ko kankare da ƙofar sama ke zaune a kai, wanda ya turo cikin ɗakin. An ja farin layi a bakin bango don nuna iyakarsa.

Ƙarfen murɗawar nan yakan raunata mutane. Ka tabbata sakata na kan haƙora kafin ka fara. Da ka gama ɗagawa ka zare ƙarfen, kada ka bar shi a maƙale, domin idan sakata ta kuɓuce zai juya da ƙarfin da ke fasa haƙori ko karya yatsa. Wajen saukewa, ka ɗan murɗa gaba don ɗauke nauyi, ka ɗage sakata da ɗaya hannun, ka sauke a hankali. Sakin marfi ya faɗi da kansa yana fasa shi. Mai babbar riga ya tuɓe ta, mai mayafi ko dogon hijabi ta tattare shi ta soke, saboda haƙoran na da baƙin maiko kuma suna kama tufa. Silifas ba takalmin lok ba ne. A sa mai igiya da ƙasan roba.

Hawa

Ka sauke ma'aikatanka a wurin tsayawa da ke gaban lok, ka riƙe jirgi da igiyar tsakiya. Su je su duba. Idan lok ɗin a cike yake kuma ga jirgi na tahowa daga sama, nasa ne, a bar shi ya sauko, ruwan da zai zubar shi zai buɗe maka hanya. Idan babu kowa, a tabbata ƙofar sama da marafanta a rufe suke, sannan a ɗaga na ƙasa har ruwan ya daidaita. Ƙofa ba ta buɗuwa sai ruwan ciki da na waje sun zama ɗaya. Ko bambancin inci biyu ne, ƙato uku ba za su motsa ta ba, don haka a daina wahala, a jira. Idan an daɗe ba ta saki ba, akwai marfin da aka bari a buɗe a ɗaya ƙarshen.

Shiga a hankali. A rufe ƙofofin ƙasa, a sauke marafansu, matuƙi ya matsa gaba kaɗan don kada akala ta maƙale tsakanin ƙofofin. Mai aikin ƙasa ba ya taɓa komai sai ya haɗa ido da matuƙi. Ku yi yarjejeniya tun farko: "Yaya, in ɗaga?" Idan ya ɗaga babban yatsa, to. Ƙarar inji da ta ruwa kan hana jin magana, shi ya sa hannu ya fi baki, kuma oda a cikin lok ma'anarta ɗaya ce, a sauke duk marafai yanzu.

A fara da marafan da ke ƙarƙashin ƙasa gefen ƙofar sama, rabi-rabi. Na jikin ƙofa sai ruwa ya rufe su, domin idan aka buɗe su da wuri ruwa zai kwararo kai tsaye cikin goshin jirgi, kuma ƙofar gaban jirgi in a buɗe take, har falo. Ruwan da ke shigowa yakan fara tura jirgi baya, can kuma ya fizgo shi gaba da ƙarfi ya maka shi a ƙofa. Matuƙi ya riƙe totur yana gyarawa da giyar gaba da ribas. A lura kada goshi ya shige ƙarƙashin wani katako na ƙofa yayin da jirgi ke tashi. A lok mai faɗi, mai ƙafa 14, wanda ke ɗaukar jirgi biyu gefe da gefe, idan kai kaɗai ne ka zagaya igiya a turke, a fara ɗaga marfin ɓangaren da jirgi yake; a yawancinsu wannan na manne jirgin da bango.

Idan ya cika, a buɗe, a fita, a sauke marafai, a rufe ƙofa, sai in wani jirgi na dab da shiga.

Sauka

A nan jirage ke nutsewa, kuma kusan kullum dalili ɗaya ne. Jirgi ya shiga, an rufe ƙofar sama, matuƙi ya shagala da hira ko ɗaukar hoto, jirgi ya sulale baya. Ruwa na sauka, gindi ya zauna kan dakali, goshi ya ci gaba da yin ƙasa har ruwa ya shiga ta gaba. Cikin minti ɗaya ko biyu an gama. Maganinsa: gindin jirgi, har da akala, ya kasance gaban farin layin nan tun daga farko har ƙarshe, matuƙi na duban layin, ba wayarsa ba. Jirgi mai ƙafa 70 ba shi da sarari sosai, wannan ma dalili ne na ɗaukar matsakaici.

Idan aka ga jirgi ya fara karkata ko gindi ya daina sauka, a sauke marafan ƙofar ƙasa nan take, duka. Sannan a ɗaga na sama kaɗan-kaɗan, ruwa ya dawo ya ɗaga jirgin daga kan dakalin. Kada a yi ƙoƙarin fizge shi da inji. Shi ya sa mai aikin ƙasa ba ya barin wajen marfin da ya ɗaga, ba ya tafiya shirya lok na gaba sai in akwai wani a madadinsa.

Abu na biyu, igiya. A sauka ba a ƙulla igiya a turke. A zagaya ta sau ɗaya a riƙe bakinta a hannu ana saki. Igiyar da aka ƙulla za ta rataye jirgin a bango. Kada kuma a naɗe ta a hannu.

Akwai lok masu matakala, inda ƙofar saman wannan ita ce ƙofar ƙasan na gaba, kamar biyar ɗin Bingley da aka buɗe a 1774, da goman Foxton. A ƙa'ida, mai hawa yana son na ƙasa babu ruwa, na samansa duka a cike. Mai sauka yana son na sama a cike, na ƙasa a zube. Foxton na da nasa tsarin na tafkunan gefe, ana ɗaga jan marfi kafin fari. A irin waɗannan wurare akwai masu kula, ka je ka gaishe su ka sa sunan jirginka a layi, ka bi abin da suka ce.

Abin da zafi ke kawowa

Ƙaramin lok mai zurfin mita biyu da rabi yana zubar da lita wajen 118,000 a wucewa ɗaya, kimanin tankar mai uku da rabi irin mai lita 33,000. Duk daga tafkunan ajiya na kan tudu ruwan ke zuwa. A shekarar da ruwan sama ya yi ƙaranci hukuma kan taƙaita awoyin buɗe lok ko ta rufe wani sashe ɗungurungum, kamar yadda aka yi a kanal ɗin Leeds zuwa Liverpool a 2018 da 2022. Ka duba sanarwar hukumar a intanet kafin ka biya kuɗi, ka kuma duba kowace safiya. A lok mai faɗi ka jira wani jirgi ku shiga tare. Idan ruwa ya ja baya tsakanin lok biyu, ka bi tsakiya sosai. In ka dafe a laka, ribas za ka yi ka koma ta inda ka shigo, mutane su koma ɓangaren da ke da zurfi. Ƙara totur gaba ƙara kafewa ne.

Ciyawar ruwa na yawa a wannan lokaci, ga leda da igiya a cikin gari. Alamar farfela ta naɗe abu: gudu ya ragu, sandar akala na karkarwa, inji na nishi ko baƙin hayaƙi. Fara da cire giya, ka ba da ribas mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu. In bai saki ba, ka tsaya ka ɗaure, ka kashe inji, ka sa makullin a aljihunka. A ƙarƙashin dandamalin baya akwai murfin da ke kan farfela. Kwance shi, zura hannu, yanke abin da ya naɗe. Wajen mayarwa ka tabbata robar bakinsa ta zauna, ka ɗaure tam, ka tada inji ka sa giya kana kallo ko ruwa na tsartuwa. Murfin da ba a ɗaure da kyau ba yakan nutsar da jirage.

A ƙarshen Yuni rana na fitowa kafin ƙarfe biyar a yankin Birmingham, ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi. Ka tashi da shida ko bakwai ka wuce lok kafin layi ya taru, ka ɗaure da la'asar, domin wuraren tsayawa masu kyau kan cika da wuri. Jirgin haya ba a yarda ya yi tafiyar dare ba. Ana so inji ya yi awa huɗu zuwa biyar a rana don cajin batir da ɗumama ruwa, kuma ba a kunna shi a tsaye daga takwas na dare zuwa takwas na safe. Ba a kwana a wurin jiran lok, ko wurin shan ruwa, ko wurin juya jirgi, ko bakin gada. Igiya kada ta gitta hanyar masu tafiya.

Zaman ciki

Alƙibla daga tsakiyar Ingila kudu maso gabas take, kuma tun da kanal na lanƙwasa, sai an ɗaure jirgi ake duba ta. Jikin jirgin ƙarfe ne, yana rikita kamfas ɗin waya, don haka a duba daga kan gaɓa. Ku tafi da buta. Alwalar mutum shida sau biyar da wanka na cin tankin ruwa, a cika shi kowace rana a famfunan hukuma, da makullin da kamfani ya bayar. Ruwan tsarki na saurin cika tankin bayan gida, ku tambayi inda ake zuƙe shi a hanyarku. Naman halal a saye shi a manyan garuruwa kafin a tashi, ƙauyukan bakin ruwa ba lalle a samu ba, firjin kuma ƙarami ne.

Gawayi ba ya shiga jirgi, ko na gashin nama ko na kaskon turaren wuta. Ɗakin ƙarfe ne matsattse, iskar gubar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mai barci. Kada a toshe kafofin iska ko da dare ya yi sanyi. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasan jirgi yake taruwa. In kun ji warinsa, a rufe tukunyar, a buɗe ƙofofi, kowa ya fita, kada a taɓa makunnin lantarki.

Yara da duk wanda bai iya iyo ba su sa rigar kariya a waje da kuma bakin lok, kamfani na bayarwa. Kada kowa ya zauna a rufi wajen shiga gada ko ramin ƙarƙashin ƙasa. Idan wani ya faɗa ruwa, matuƙi ya cire giya nan take saboda farfela, a jefa masa zoben ceto, a ce ya gwada miƙewa, don yawancin kanal bai wuce ƙirjin babba ba. A cikin lok kuwa zurfi ne: a sauke marafai duka, a kashe inji, a nuna masa tsanin da ke jikin bango, kada wani ya bi shi. Lambar gaggawa 999 ce.

Ruwan kanal ba na wanka ba ne, ba na alwala ba, komai zafin rana. Yana da sanyin da ke ɗauke numfashi, kuma fitsarin ɓeraye na sa masa ƙwayar cutar leptospirosis, wadda ke shiga ta ciwo ko ido ko baki. A rufe duk wani yanka da filasta, a wanke hannu da sabulu bayan taɓa igiya da farfela. Alamunta zazzaɓi ne da ciwon kai da ciwon jiki, kuma suna iya ɗaukar mako ɗaya zuwa huɗu kafin su bayyana, wato mai yiwuwa bayan an dawo Kaduna, inda kowa zai ce maleriya ce. Wanda ya yi zazzaɓi a wannan tsakanin ya gaya wa likita cewa ya yi hulɗa da ruwan kanal, da ranar da ya yi.